Birkin Motar Baba

Litinin, 15 ga Janairu, 2024

Baba, mahaifin matata Sauda, ya kawo a-kori-kurarsa gareji da hantsi. Ina hango shi na ajiye sifana na durƙusa. Ya ce birki ya ɗan yi laushi, in ɗaure masa, don ranar Asabar zai kai tumatir Kano. Na ce to, Baba. Kaina a ƙasa har ya tafi.

Da na taka birkin, ƙafata ta wuce har ƙasa salin-alin. Na buɗe gwangwanin man birki, sai kumfa. Ruwan sabulu yake zubawa! Dabarar direbobin lambu ce idan mai ya tsiyaye a hanya, amma su na yini ɗaya suke yi. Wannan ya daɗe. Robobin masta, tukunyar da ke tura man birki, sun narke, bututun baya ya ci tsatsa. Da wani ne, wallahi sai ya ji ba daɗi a bakina.

Talata, 16 ga Janairu

Ba ɗauri ba ne, sabon masta take so, kuma babu irinsa a Bagwai. Na yi wa masu kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano waya, sun ce sai mako mai zuwa. Na wanke, na zuba man gaske, na fitar da iska. Yana kamawa idan an tattaka shi, an jima kuma ya saki.

Tun da na auri Sauda ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Yaya zan ce masa shi ya kashe birkinsa da hannunsa? Na gaya wa Sauda ta gaya wa Inna, mahaifiyarta, ta gaya masa: kada motar nan ta hau titi. Har sau biyu na maimaita mata.

Alhamis, 18 ga Janairu

Ya zo ya karɓi mukulli. Ya sa mini albarka, na ce amin. Na miƙa da hannu biyu. Na ɗauka gida kawai zai kai ta.

Asabar, 20 ga Janairu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya yi hatsari a gangaren kusa da dam, da kwandunan tumatir har sama. Shanu suka tsallaka, ya taka, babu komai. Ya kauce musu ya faɗa magudanar ruwa. Yana da rai. Ƙafar dama ta karye wuri biyu.

Lahadi, 21 ga Janairu

Na tsare Sauda na ce me kika gaya wa Inna? Ta ce ta gaya mata birkin bai gama warkewa ba, wai ta ga maganar tawa ta yi tsauri. Inna kuma ta ce masa Uwaisu ya ce a riƙa tafiya a hankali. Shi ke nan abin da ya isa kunnensa. Na yi mata faɗa har ta yi kuka, ga ubanta a kwance. Ban kyauta ba. Ni da na ga kumfar da idona na kasa, ita zan ce ta iya?

Da taya ɗaya na cire na ce aiki bai ƙare ba. Ko wannan dabarar ban yi ba.

Laraba, 24 ga Janairu

Masta ya iso yau. Na cusa shi ƙarƙashin benci, ba na son ganinsa.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

A majalisa ana cewa gyaran Uwaisu ne ya jefa surukinsa a ruwa. Masu kawo mota sun ragu. Ban damu da wannan ba, ko in ce na damu kaɗan. Abin da ya fi ci mini rai, Baba ya aiko a gaya wa mutane su bar ni, shi ya zuba ruwan sabulu, yaron bai sani ba. Bai sani ba! Na je dubiya, na tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na tashi na koma gareji.

Mai ɗori ya ce ƙafar za ta taka ƙasa, amma tuƙi kam a manta.

Talata, 12 ga Maris

Azumi. Na janyo motar da tarakta. Ina taɓa ta kaɗan-kaɗan bayan la'asar, ba wanda ya sa ni.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na ɗaura masta, na canja bututu, saura fitar da iska, aikin mutum biyu: ɗaya yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana sassauta noti. Ina tunanin wa zan kira sai ga Baba da sanda, an sauke shi a babur. Ya ce an gaya masa motarsa ta tashi. Ya ce ai ƙafar hagu tana nan, shi zai taka. Na ce a'a Baba. Ya riga ya hau.

Na shiga ƙarƙashi. Da farko ina cewa, Baba ko za a ɗan taka, ko za a ɗan riƙe. Ba ya ji, yana saki kafin in ɗaure, iska tana komawa. Muka yi ta yi. Mai ya zubo mini a ido. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Na ce ka riƙe! Kada ka saki sai na ce! Kuma na ga kumfar nan tun ranar farko, na san birkin nan ba zai kai ka Kano ba!"

Ina kwance ina kallon ƙasan mota, sifana a hannu. Can na ji ya ce, "To. Na riƙe."

Na ɗaure noti. Birki ya yi tauri. Da aka kawo abincin rana ya ce in matso, kwano ɗaya ne. Na matsa muka ci tare. Yunwa nake ji, shi ya sa.