Ƙoƙunan Inna a Bishiyar Bedi

Dakoro, Laraba 2 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana Zakiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a Kwatano, kai da Yaya Rahinatu da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya buɗa kasuwa, ya tsare ku a baƙon wuri. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya nuna har an yanke. Laila 'yar Kawu Mahamman ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Amiru. Baba yana cin abinci, idanun ne dai sai a hankali, yanzu ko inuwar mutum da ƙyar yake rabewa. Na ba Attaher direba takarda maimakon in kira ka don ka san kunnen Baba. Ko bayan rumbu na laɓe da waya, sai ya maimaita mini abin da na ce.

Yaya, ka tuna ƙoƙunan nan biyar da Inna, Allah ya jiƙanta, take ratayawa a bedin tsakar gida duk damina, ta zuba ruwan sukari don 'yan tsuntsayen nan masu siririn baki, sha-kauci? Kai ne ma mai tsokanarta, kana cewa ta buɗe musu teburin shayi. To bana, daminar farko da babu ita, Baba ya ce a rataya. Wallahi da murna na rataya, don tun da aka kai ta bai buɗe baki ya nemi komai ba. Kullum da hantsi in wanke, in dama, in hau turmi in zuba, shi kuwa yana kan tabarma yana bin kukansu da kai.

Ga inda matsalar take. Ka san na ci konkur, jarrabawar shiga ekol normal ta Maradi inda ake horon malamai, bayan faɗuwa biyu. Ranar Litinin ake komawa, wanda kuma bai bayyana ba cikin mako guda, wani ake ba gurbinsa. Shekaruna sun kai iyaka, ba ni da sauran zama. Shirinmu da kai shi ne Baba ya koma wurin ƙanwarsa, Gwaggo Furera, ni in tafi karatu. Da na tuna masa, bai musa ba. Ya ce in tafi da albarka, amma sai ranar da tsuntsayen suka tashi aka sauke ƙoƙuna, don ba zai rufe gida ya bar baƙin Inna da busasshen ƙoƙo ba. Ni da wautata na ce to, a zatona maganar kwana goma ce.

Ruwa ya ɗauke, shamuwa ta kwashe 'ya'yanta ta yi gaba, amma 'yan banzan nan ko gezau. Na ce ko sukarina ne ya riƙe su, na rage, suka zo. Na zuba ruwa zalla, suka zo suna yi mini tsiwa. Ranar Asabar haƙurina ya ƙare, na sauke ƙoƙunan duka na kife a ɗakin girki. Baba bai tambaye ni ba, bai yi faɗa ba, ni kuwa da ma faɗan ya yi. Tsuntsayen suka yi ta kewaya igiyoyin suna kuka, shi kuma ya juya fuska bango. Kokon safe yana nan yadda na aje har azahar. Kafin la'asar na mayar da su ina hawaye, na ji kamar ni na sake kashe masa mata.

Washegari na tafi wurin Gwaggo, na tambaye ta wai shin yaushe Inna take saukewa, tunda mu duk ba mu taɓa lura ba. Ta kama haɓa, ta ce ashe ban sani ba? Inna ba ta taɓa jiran tsuntsu ba. Ranar da damin gero na farko ya shiga rumbu, ranar take saukewa, suna zuwa ko ba sa zuwa, don daga nan ƙudan zuma ke mamaye ƙoƙo su hana kowa zama a tsakar gida. Wai Inna cewa take mai tafiya ya san hanyarsa, mai zama kuma zai nemi kaucinsa. Gwaggo ta ce wasu cikinsu ma ba sa zuwa ko'ina, nan suke shekara. Sannan ta ƙara da cewa: shekara talatin, Baba ne ke riƙe wa Inna turmi in za ta hau ta sauke.

Ka ji fa, Yaya. Ya sani. Na dawo gida raina a ɓace, na biya gona ta hanyar Ɗan Gulbi in ce wa Kawu Mahamman ya kawo dami ko ɗaya ne. Na tarar da geronmu a ɗaure, a jibge, kwana tara. Kowa ya kwashe nasa sai mu, ga dabbobi sun fara gangarowa daga arewa. Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce Baba ne ya aiko masa kada a ɗauki ko zangarniya sai ya ce. Da na koma na durƙusa na yi wa Baba maganar a hankali, sai ya ce hatsin bai gama shan iska ba, ya tambaye ni ko na cika ƙoƙon gabas.

Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ban san wanne ya fi ba. Tsoro yake ji, na gane. Amma ni ma ina tsoro, Yaya. Gaba kura, baya siyaki: in na tafi, na bar makaho yana ƙin abinci, in na zauna, shi ke nan, ni da allo har abada sai dai in hango a ajin wani. Kai kana can, kana aiko da gaisuwa da shadda, Allah ya saka, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba aike nake so ba, kai nake so. Maganarka yake ji, kai ne namiji babba. Ka zo ka sa a shigo da geron nan, ka riƙe hannunsa zuwa gidan Gwaggo. In ka taso ranar da takardar nan ta iske ka, za ka riske ni da sauran kwana biyu a hannu. Ban taɓa roƙonka komai ba, yau na roƙa.

Ka gaishe mini da Yaya Rahinatu, da Mahbub, da 'yar lelena Hawwa'u. Gwaggo Furera da Kawu Mahamman da Laila duk suna gaishe ku. Baba ma yana gaishe ka. Ya ji ƙarar takarda ya tambayi wa nake rubuta wa, na faɗa masa. Ya ce in ce maka kada ka wahalar da kanka da doguwar hanya, ba ya rasa komai, ai Hamdiya tana nan.

Ƙanwarka,
Hamdiya Rabo