Tushen Gamba da Na Matsar

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Ku sakaya sunana, kuma don Allah kada ku tsine mini sai kun ji ƙarshe.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, tushen gamba kaɗai ke raba su. Tun da Turawa suka fara sayen gyaɗa na kamu da mugun hali: duk ruwan shuka sai in tumɓuke tushen da ke kan iyaka, in matsar da shi kunya guda cikin gonar maƙwabcina, wani dattijo mai raunin gani. Yunwa ce ta sa ni? Wallahi a'a, rumbuna cike yake. Hannu ne ya saba, har in ban matsar ba sai in ji kamar ban yi shuka ba.

Bara dattijon ya rasu, da hannuna aka sa shi a kabari. Na tuba, bana ko tsinke ban taɓa ba, na ce shi ke nan na rabu da abin. Ranar nan ina noma sai na hangi matarsa, tsohuwa tukuf, durƙushe gaban tushen nan tana shafa ƙasa tana addu'a. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Ɗana na fari ke kwance a nan. Shekarar yunwa ya tafi, ba mai ƙarfin kai shi maƙabarta, sai Malam, maigidana, ya binne shi ya dasa wannan don kada wurin ya ɓace mana. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, da ba ka taɓa sa masa fartanya ba."

Wurin da take shafawa ba kowa a ciki. Yaron yana can baya, ƙarƙashin gyaɗata, ni kaina ban san a wace kunya ba. Shekara nawa ina sara a kansa? Gyaɗar da 'ya'yana suka ci fa? Yanzu ko ƙuli-ƙuli na gani sai in kau da kai.

In na mayar da iyakar, za ta gane duk shekarun nan ƙasa kawai take yi wa addu'a. In na yi shiru, ta riga ta bar wasiyya a kwantar da ita gefen ɗanta, kuma ni ta roƙa in haƙa.

Jama'a, me zan yi?