Jarrabawar da ta same ni a wankan jego

Daren Talata, Kankia

Yau Hajiya mai makarantar bayan tasha ta aiko a kira ni. Tana neman wadda za ta riƙa buga mata jarrabawar yara a kwamfuta, da safe kawai, kafin azahar in dawo gida. Irin aikin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan. Na zauna na buga mata shafi guda, ta ce, "Hannunki da sauri, Rabi. Ina takardar shaidarki?"

Ba ni da ita. Watanni na yi ina koyon kwamfuta, ina jan tsohon ciki zuwa aji, sai jarrabawar ƙarshe ta zo ina gidanmu a Bauranya ina wankan jego. Na roƙi Inna har da kuka ta bar ni yini ɗaya kawai, in je in dawo. Ta ce, "Maijego ba ta fita sai ta yi arba'in. In sanyi ya shige ki, takarda ce za ta yi jinyarki?"

Hajiya ta ce masu duba makarantu takarda suke tambaya. Za ta jira ni zuwa ƙarshen zango, amma wajen koyon sai baɗi za su sake jarrabawa.

Wallahi ba na jin haushin Inna. Kewar ajin nan ce ke damuna, da yadda malam kan ce in tashi in nuna wa sauran. Ɗazu ina lallashin ɗiyata ta yi barci, sai na ga yatsuna suna buga sunana a bayanta, harafi bayan harafi.