Kabari na Goma Sha Tara

Ushirohama, 3 ga Yuni, 1974

Ƙanena Shozo,

Gaisuwa mai yawa. Damina ta sauka, gwiwata ta riga kowa sani. Ina fata kai da matarka kuna lafiya, hayaƙin Osaka bai gama da ƙirjinka ba.

Ka yi biris da wasiƙata ta sabuwar shekara, amma wannan dole ka amsa. Hukuma za ta gina katangar tare teku, kuma ta tsakiyar maƙabartar mutanen jirgi za ta ratsa. Mutum arba'in da ukun nan da ruwa ya kawo gaɓa lokacin da jirgin fasinja ya fashe a kan duwatsu zamanin Kaka Genzo, duk za a tone su. Wanda gidan da ke kula da shi ya sa hannu, za a mai da shi kan tudu da dutsensa. Wanda ba a sa wa ba, a zuba ƙasusuwansa a ramin marasa kowa.

Wanda gidanmu ke kula da shi, kabari na goma sha tara, ni kaɗai nake share shi tun rasuwar Inna. Yanzu 'yata za ta ɗauke ni zuwa Kobe, ba kuma zan dawo ba. Takardar tana neman sunan mai kula. Naka nake so in rubuta.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Fumie

Osaka, 11 ga Yuni

Yaya Fumie,

Na sami wasiƙarki, na gode. Ki riƙa gasa gwiwar.

Don Allah ki raba ni da wannan magana. Mutumin nan ba danginmu ba ne, ko sunansa ba mu sani ba. Shekara tamanin gidanmu na kai masa shinkafa da kifin farko na kowace fita, mu yara muna haɗiyar yawu. Ran da na ce wa Baba, "Shin wannan dutse ne ya haife ka?" kin ga marin da na sha. Sauran gidaje sau ɗaya a shekara suke leƙa nasu, ba wanda ya mutu. A bar shi cikin abokan tafiyarsa, ai ya fi jin daɗin hira.

Ki gaida mutan gida.
Shozo

Ushirohama, 19 ga Yuni

Shozo,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Bakinka bai tsufa ba.

Na so in mutu da abin nan a cikina, ka hana. Inna ce ta faɗa min, saura kwana biyu ta rasu.

Ka san al'adarmu idan masunta suka tsinci gawa a teku. Ba a ɗaukarta haka kawai. Ɗaya ya tambaye ta, "In mun kai ka tudu, za ka ba mu kifi?" Ɗaya ya maƙe murya ya amsa a madadinta, "Zan ba ku." Sannan a jawo ta.

Washegarin haɗarin, da hantsi, Kaka da ƙanensa Tomekichi suka fita. Sun riga sun kwaso gawa huɗu. Suka hangi wani rungume da katako, fuska fari fat, ido a rufe. Kaka ya sunkuya ya yi tambayar. Tomekichi ya buɗe baki ke nan, sai mutumin ya ce, "Zan ba ku."

Shozo, tuƙi suka yi suka gudu. A tunaninsu gawa ce ta yi magana. Sai da suka taka yashi, Tomekichi ya ce, "Yaya, matacce yana tari?" Suka koma, katakon kawai suka tarar. Bayan kwana biyu ruwa ya ajiye gawar mutumin daidai bakin rumfar ragarmu. Shi ne na goma sha tara.

Kuma ya cika alkawarinsa, abin da ya fi ci min rai ke nan. Ka taɓa ganin shekarar da kwale-kwalenmu ya dawo wayam? Kifin ne ya raine mu. Kaka bai ƙara sa shi a baki ba har ya mutu, muna cewa cikinsa ne ba ya so.

Ni tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Duk ran da na zuba wa dutsen ruwa, sai in ji kamar ana jira in ce wani abu. Mun bar shi a ruwa sau ɗaya. In ka ce a sake barinsa, to, da hannunka za ka rubuto.

Yayarka, Fumie

Osaka, 24 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki. Kwana uku ke nan ban iya cin abinci ba.

Kada ki rubuta sunana a takardar nan, kada kuma a kai shi tudu. Zan shigo jirgin Laraba. Ki gaya wa mai kula da haikalin da ake binne danginmu a buɗe kabarin zuri'armu, da hannuna zan kwashe shi in kwantar da shi kusa da Kaka. Ya ishe shi jira a waje.

Sai na zo.
Ƙanenki, Shozo