Fitilar Da Ke Mutuwa In Na Dawo Gida

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna in na faɗa wa mutane ido da ido, kallon mai taɓin hankali za su yi mini.

Mijina ya rasu bara, ya bar ni da yara. Mutum ne mai son motarsa, har nakan tsokane shi cewa da mota na cin abinci, da a baki zai riƙa ba ta. Ana gab da ya kwanta ciwo ya sayo sababbin wili da tayoyi, aka ɗaura masa, ya dawo yana ta zagaya motar yana murmushi. Tsofaffin kuwa ya wanke su, ya sa aka cika musu iska, ya jera su a kusurwar gareji, wai zai nemi mai saye. A cikin kowace ƙafa akwai 'yar na'ura mai auna iskar taya tana sanar da motar. Sababbin ma suna da tasu, sai dai ba a saita su da motar ba, don haka wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na yi masa magana, ya ce kada in damu, zai kai wa bakanike in ya samu sarari. Sararin da bai samu ba ke nan.

Yanzu ni nake tuƙa motar, ni nake kai autarmu makaranta. To ga abin da na kasa faɗa wa kowa. In na fita na yi ɗan nisa, sai fitilar ta kama. In na dawo na shigar da motar gareji, sai in ga ta mutu da kanta. Ranar da na fara lura, kifa kaina na yi a kan sitiyari na yi kuka har na gode Allah. Ji na yi kamar shi ne yake mini sannu da dawowa, yadda ya saba leƙowa ta taga in ya ji ƙarar ƙofa. Ni ba jahila ba ce, Anti, malamar makaranta ce, na san wanda ya tafi ya tafi. Bakaniken ma ya yi mini bayani cewa motar har yanzu tsofaffin ƙafafun ta sani, in ta matso kusa da su sai ta ji su ta ɗauka komai lafiya. Na gane sarai. Amma wani lokacin haka kawai nake ƙirƙiro aike, in fita in dawo don in ga ta mutu.

Kwanakin baya ƙusa ta shiga tayar baya, iska ta yi ta zurarewa ban sani ba, tunda fitilar dama a kunne take kullum. Muna kan babban titi motar ta fara ja da ni gefe guda, da ƙyar na tsayar da ita, tayar ta yage. Allah ya tsare, babu wanda ya ji ciwo. Amma tun ranar autata ba ta sakin mariƙin ƙofa har mu isa, kuma ta daina yi mini surutunta na hanya.

Ƙanin mijina da ya ji, ya zo ya ce ko dai ya kai motar a saita a ranar, ko kuma shi ya riƙa kai yarinyar. Raina ya ɓaci, na ce masa so yake ya shafe duk wata alamar yayansa daga gidan. Ya ajiye makullin motar a kan tebur ya fita, har yau bai sake takowa ba. Mutumin da ya kwana da mu a asibiti, shi na gaya wa wannan magana. Na san ban kyauta ba. Amma in aka saita, na shiga gareji babu abin da ya tarbe ni, ina zan sa kaina?

Maman Auta


Maman Auta, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashinsa. Hankalinki ƙalau yake. Wata macen rigar mijinta take ajiyewa, wata tsohon takalminsa a bakin ƙofa, ke kuma wannan fitila kika samu. Ba zan yi miki dariya ba, ba kuma zan ce ki daina kewarsa ba.

Amma riga ba ta hawa titi da yarinya a ciki. Motarki tana sauraron tayoyin da ke jingine a gareji, waɗanda babu abin da zai same su, waɗanda ke ɗauke da ke da autarki kuwa babu mai jin su. Kin riga kin ga abin da hakan ke jawowa, an kuma yi sa'a sau ɗaya. Kada ki jira na biyu.

Ƙanin mijinki yana da gaskiya, ko da yake ya kawo ta da garaje. Ya kamata ya fara tambayarki dalili kafin ya gindaya sharaɗi. Sai dai bai san dalilin ba, tunda kin ɓoye, kuma shi ma yayansa ya rasa. Ki kira shi ki ba shi haƙuri, ki gaya masa abin da kika gaya mini. Ina kyautata zaton kunya ce ta hana shi zuwa fiye da fushi.

Motar kuwa, ke za ki kai ta da kanki, kada ki bar wa kowa. Na tambayi masu sana'ar, sun ce aikin ba ya cin lokaci: za a daidaita iskar kowace taya daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da na'ura har motar ta karɓe su, wata motar kuma sai an ɗan zaga da ita. Har da tayar da aka sauya a duba. Kafin nan, duk safiya ki tsaya wurin mai faci ya gwada miki iska. Tsofaffin ƙafafun ki bar su inda marigayin ya jera su, babu mai tilasta miki sayarwa.

Ki tuna, maigidanki da bakinsa ya ce zai kai a kashe fitilar nan. Aikinsa ne za ki ƙarasa masa. Ranar farko da za ki shiga gareji shiru za ta yi miki ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ki yi kukanki. Washegari ki gaya wa autarki cewa an gyara, in taya ta sake yin laushi motar za ta faɗa muku da wuri, sannan ki ba ta lokaci ta saki ƙofar da kanta.

Allah ya tsare ku a hanya, ya raya miki su.