Korido Ba Ɗaki Ba Ne

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, da gwiwar nan taki da ta hana ki sakat. Mu nan lafiya lau. Mai ɗakina, Maman Biyu, tana gaishe ki.

Na rubuto miki ne saboda a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Kin ce na yi wa mijinki butulci, shi da ya ɗauke ni aiki a ofishinsa ya mai da ni mutum. To Yaya, mu fara daga nan. Ni na kai kaina ƙarshen sakandare da dakon bulo. Ni na yi shekara huɗu ina kwaɓa siminti kafin a yarda in ɗora bulo ɗaya a kan wani. Ni na koyi karanta zanen gini, ina leƙen takardar da ke hannun masu gini har suka gaji da korata. Ni na sayi tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi, na koyi manhajar zane da ɗan Turancina na aji shida, ba malami, ba littafi. Ranar da Injiniya ya ɗauke ni na riga na iya. Kujera ya ba ni da fanka. Na gode da kujerar, na gode da fankar, amma hannun nawa ne.

Ga abin da ya faru, tunda rabin labarin aka kawo miki. Wata likita ta ba mu zanen asibitin haihuwa. Duk zanen da za a kai wa hukumar ba da izinin gini sai an haɗa shi da jadawalin faɗin wurare, kuma ni nake yin sa. Kowane wuri a cikin zane ina ba shi nau'insa: wannan ɗakin kwanciya, wannan ofis, wannan bandaki, wannan sito, wannan korido. Manhaja ta auna daga bango zuwa bango, ta tara kowane nau'i a layinsa. Ba ta ƙarya, amma duk sunan da ka ba wuri shi za ta karɓa.

Likita gado talatin take so. Hukuma ta ce kowane gado a ba shi murabba'in mita takwas, ke nan ɗari biyu da arba'in. Layin ɗakunan kwanciya a jadawalina ya tsaya a ɗari da tamanin da shida. Sau uku ina dubawa, har na bi bango-bango ko akwai ɗakin da na manta. Bai motsa ba.

Sai yaron nan da aka ɗauka bara, wanda muke kira Mai Digiri, ya kawo dabara. Akwai dogon korido a tsakanin ɗakunan, murabba'in mita hamsin da takwas. Wai a sauya nau'insa daga korido zuwa ɗakin kwanciya. Dannawa biyu, lissafi ya haura abin da ake nema, bango ko ɗaya bai matsa ba. Wai masu dubawa jadawali suke kallo, ba sa bin zane da ma'auni. Injiniya ya ce in yi. Na ce korido ba ɗaki ba ne. Ya maimaita a gaban kowa, na maimaita a gaban kowa, na kashe kwamfuta na ɗauki hulata. Butulcin ke nan, ba ƙari.

Ki shafa min kan yara. Ki daina hawa matattakalar nan da kaya a hannu.

Ƙaninki,
Auta


Yayata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin? Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, Maman Biyu ta karanta sau ɗaya ta ce rubutunki har yanzu kamar ana yi wa mutum faɗa a tsaye.

Kin ce lamba ce kawai a takarda, kada in raba zumunci a kan lamba. Kin kuma ce Injiniya ya sauko har ya zo gidana da ƙafarsa, ni kuma na ƙi saukowa. Gaskiya ne ya zo. Ya zauna a kujerata mai kyau, an kawo masa ruwa mai sanyi. Amma bai faɗa miki abin da ya zo da shi ba.

A ƙasan kowace takardar zane, ta hannun dama, akwai ɗan akwati inda ake rubuta sunan wanda ya shirya ta. Shekara goma sha ɗaya ina ofishin nan. Takardun da suka fita daga hannuna sun fi ɗari biyu, sunana bai taɓa shiga akwatin nan ba. Da sunan Injiniya ake sawa, daga bara kuma na Mai Digiri. Sau uku ina tambaya, sau uku ana ce min hukuma ta fi son sunan da ke da haruffan jami'a a bayansa. To shi ne ya zo ya ce idan na sauya koridon, wannan karon sunana za a sa.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, zuciyata ta yi tsalle. Na ce ya ba ni minti biyu, na shiga ciki, na ɗauki biro na rubuta sunana a bayan littafin 'yan biyu don in ga ko zai shiga akwatin. Ya shiga daidai. Na tsaya ina kallonsa kamar yaron da aka ɗinka wa sabuwar riga.

A tsayen nan tambaya ta zo min. Dabarar ta Mai Digiri ce, me ya hana shi sa sunansa? Kuma yaushe hukuma ta daina son haruffan jami'a? Amsar ba ta da wuya. Ranar da wani mai dubawa ya ɗauko ma'auni, sunan da ke cikin akwati za a nema. Mai Digiri yana da takardar shaidar da za a iya ƙwacewa, Injiniya ma haka. Ni ba ni da komai sai sunan, shi ya sa aka tuna da shi. Na fito na ce masa na gode, na raka shi har mota.

Kuma tunda kin ce lamba ce kawai, ki tuna haihuwar ɗanki na fari. Injiniya yana wajen aiki a wani gari, ni na kai ki. Babu wuri a ɗaki, aka tura gadonki korido, kusa da ƙofar bandaki. Masu bokiti suna wucewa, masu ziyara suna gogar gadon. Babu inda za a kafa ƙarfen ƙarin ruwa, ni na riƙe ledar sama daga hantsi har la'asar, fuskata a bango don kada ki ji kunya, hannuna ya mutu har na daina jin sa. Kina kuka kina cewa wane mara imani ne ya gina wannan wuri. Ban san shi ba. Amma na san yadda ya yi lissafinsa, kuma ba zan zama shi ba.

Kada ki yi fushi da tone-tonen. Ke kika goya ni, ba ni da wadda zan faɗa wa sai ke. A gaida yara.

Ƙaninki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Na ga ba ki amsa ta biyu ba, amma Maman Biyu ta ce kin kira ta kun daɗe, kuma ba ki yi faɗa ba. Na karɓi wannan a matsayin amsa.

Ranar Laraba na koma ofis. Ba haƙuri na je bayarwa ba, kada wani ya ce miki haka. Na koma ne saboda mita hamsin da huɗun nan da suka rage sun tsaya min a wuya. Na buɗe zanen na kalle shi da idon magini, ba da idon mai danna kwamfuta ba. Ofishin likita murabba'in mita arba'in da biyu ne, sai ka ce ƙwallo za ta buga a ciki. Bangon da ya raba shi da ɗakin kwanciya ba ya ɗauke da nauyin komai, wanda ya taɓa gini da hannunsa kallo ɗaya zai gane. Na tura shi, na samu ashirin da shida. Sito biyu na haɗe su ɗaya, na samu sha takwas. Akwai wani lungu da Mai Digiri ya ware wa tukwanen furanni, na karɓe shi, sha ɗaya. Na sake buɗe jadawali: ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Korido yana nan a layinsa, hamsin da takwas, da sunansa na gaskiya.

Likita ta ɗan ɓata rai a kan ofishinta, da aka nuna mata gadajenta talatin a jere sai ta yi dariya ta amince. Injiniya ya dafa kafaɗata ya ce dama ya san zan iya. A zatona magana ta ƙare ke nan.

Jiya Juma'a aka buga takardun. Na ɗauki ta jadawali, tana da ɗumin inji, na duba ƙasa ta hannun dama. Sunan Mai Digiri ne a ciki, da haruffansa a baya. Takarda ta yi tsabta, sai aka koma gidan jiya. Da za ta jawo wa mutum kamu, sunana ya isa. Da ta zama abin alfahari, ya koma bai isa ba.

Ban yi hayaniya ba. Ban goge komai ba, ban kulle komai ba, aikin yana nan a kwamfuta kowa ya buɗe. Na ajiye makullin ofis a kan teburin Injiniya na fito. Kada ki ji tsoron abin da za mu ci. Hannun da ya kwaɓa siminti bai manta ba, kuma tsohuwar kwamfutata tana tashi.

Ki gaida yara, ki gaida shi kansa, don gaisuwa ba ta cikin rigimar. Sannan ki isar masa da wannan. Ranar Litinin da safe za a kai takardun hukuma, buga sabuwa ba ya cin minti biyar. Ba ƙarin albashi nake nema ba, ba dafa kafaɗa ba. A cire sunan da ke cikin akwatin nan a rubuta nawa. Ba a taƙaice ba, ba harafin farko da ɗigo ba. Cikakke, da sunan Baba a bayansa, shi da ya rasu yana ganina da kwanon siminti a ka. Na gwada, yana shiga daidai. Idan kuma Injiniya ya manta yadda ake rubuta shi, tunda shekara goma sha ɗaya Auta yake kirana a gaban ma'aikata, ki zaunar da shi ki faɗa masa harafi bayan harafi. Ke kika koya min rubuta shi.

Ƙaninki,
Auta