Gindin Buhu

Funtuwa,
14 ga Oktoba, 1988.

Zuwa ga Yayana, Malam Aƙilu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Inna, da iyali, da mutanen Dandume baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Ga man zafi nan na ba direba ya kawo mata. Mu ma nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Abin da ba a rasa ba kuwa sunansa Donatus. Ka san shekarata goma sha ɗaya a kamfanin irin shuka na Alhaji Bature. Ni ke karɓar masarar iri daga hannun manoma, ni ke cewa wannan ta bushe a zuba mata magani a ɗinke, waccan a sake shanya ta. To, yanzu an gaya wa Alhaji manyan masu saye sun daina karɓar iri sai daga kamfanin da ke da takardar shaidar inganci, wadda wata hukuma ke bayarwa bayan ta turo sufeto ya duba tsarin aiki. Shi ne ya ɗauko wannan Donatus ya shirya mu. Ibo ne haifaffen nan garin, ɗan mai sayar da kayan keke a bakin tasha, ya yi karatu a Zariya, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano.

Karatunsa kullum ɗaya ne: rubuta abin da kake yi, ka yi abin da ka rubuta, ka ajiye shaidar cewa ka yi. Tun ran da ya zo yake bina da littafi. In na sa hannu a buhu ya tambayi dalili, in na ciji ƙwaya ya tambayi abin da haƙorina ya ji. Ko atishawa na yi sai na ga biro ya motsa. Ga ladabi, har rusuna mini yake yana kirana Baba, kuma ladabin ne ya fi tayar mini da hankali.

Yaya, ruwa ba ya tsami banza. Ran da abin da ke cikin kaina ya koma takarda, me zai hana a miƙa takardar ga wani a nuna mini ƙofa? Sau biyu ina ganin ambulan a teburinsa daga wani wai shi Ambrose a Kaduna. Ban tambaya ba, amma ni ba yaro ba ne. Kowa da ɗan'uwan da yake nema wa aiki.

Ka gaishe da Inna, ka ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Ɗanasabe.

*

Funtuwa,
9 ga Nuwamba, 1988.

Yaya Aƙilu,

Gaisuwa da fatan kun kwashe amfanin gona lafiya. Na ga wasiƙarka, na kuma ga inda ka ce zato zunubi ne. Haka ne, amma wanda ya taɓa taka wuta ko toka ya gani sai ya ɗaga ƙafa.

An gama rubuta littafin tsari, shafi arba'in, an buga da tafireta. Shafi na sha biyu nawa ne: yadda ake gwada danshin masara. Na faɗa masa komai sai abu ɗaya. Na ce a kwance bakin buhu a ɗebi tafi guda a gwada. Ban gaya masa cewa ni kifa buhu nake yi in soki gindinsa da bututun ƙarfe ba.

Bari in gaya maka dalilin kifawar, tunda kai ba za ka ƙwace mini aiki ba. Rabin masararmu daga wata unguwar Maguzawa take zuwa, can bayan Malumfashi, wadda muke kira Gidan Marka da sunan tsohuwar da ke jagorancin matan wurin. Mutane ne masu amana, ba sa ha'inci. Amma al'adarsu in za su cika buhu, sai su jera buhunan 'yan gida duka, sussukar kowace rana a raba ta daidai a zuba wa kowa, don kada buhun wani ya fi na wani kyau. Daga saman rumbu suke fara ɗiba, na sama kuwa shi ne yankan ƙarshe, wanda bai gama shan rana ba. Ka ga ke nan kowane buhu bakinsa ƙayau yake, gindinsa da sauran danshi. Marka da kanta ta nuna mini haka shekarar da na fara aiki, tana yi mini dariya. Shi ya sa tasu kullum sai na zazzage ta a tabarma kwana uku kafin a ɗinke.

Donatus ya taɓa ganina ina kifa buhu, sai na ce ɓera nake dubawa. Sau uku yana tambayata ko akwai abin da ya rage ban faɗa ba, ina cewa babu. Da aka bugo shafin sai na ga ya bar layi ɗaya fari fat a tsakiya, ba rubutu. Wai ko zan tuna wani abu. Ni na san wurin sunan Ambrose aka tanada.

Na nemi hutun sati biyu daga ran Litinin, a tsakiyar karɓar masara, Alhaji ya amince da ƙyar. Zan zo in zauna da ku. Bari su yi aiki da takardarsu mu gani. Na ba su kwana uku, za ka ga babur ɗin kamfani a ƙofar gida an zo bikona.

A share mini ɗakin zaure.

Naka,
Ɗanasabe.

*

Funtuwa,
20 ga Fabrairu, 1989.

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da matarka Asma'u da yara. Na gode da ɗawainiyar da kuka yi da ni kwanakin baya. Na san har yanzu Asma'u tana tsokanar cewa na ƙare hutuna ina leƙen hanya, babur bai zo ba. Ka ce mata na ji.

Da na dawo na tarar sun karɓi masarar Gidan Marka duka ba na nan. Sun bi shafi na sha biyu tiryan-tiryan, sun zuba magani, sun ɗinke a buhu mai leda, kowane da katinsa da lambarsa. Aka gwada tsiro a jiƙaƙƙen tsumma, ta fito da kyau. Suna ta murna suna nuna mini. Na so in kwance in shanya a hankali, amma a sabon tsari buhun da aka ɗinke ba a buɗe shi sai an rubuta dalili an sa hannu. Wane dalili zan rubuta? Sai na ce a raina wataƙila bana sun shanya sosai.

Sufeton ta zo a watan jiya. Mace ce, Madam Sekinat, ba ta cin abincin kowa, ruwanta ma a jaka ta zo da shi. Kwana biyu tana riƙe da littafin tana kallon hannun kowa. Da ta zo kaina na kwance bakin buhu na ɗebi tafi guda, daidai yadda aka rubuta. Ta gyaɗa kai ta yi maki. Wallahi Yaya, ina sane na bar gindin buhun ban taɓa ba.

Takardar shaida ta iso, an sa ta a gilashi an rataye a ofis, Alhaji ya yanka rago. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne katin da ke bakin kowane buhu: an buga "Mai duba inganci, Malam Ɗanasabe." Donatus ne ya nace a sa. Mutane na yi mini barka, ni kuwa ina lissafin cewa an kafa sunana ne a inda in abu ya lalace za a san wuyan da za a kama. Ambrose dai har yau bai bayyana ba. Mai haƙuri ne, ga alama.

Na ji ka fara yi wa maƙwabta tallar irinmu, kana cewa ƙaninka ne ya sa hannu. Kada ka yi gaggawa. In lokaci ya yi ni zan zaɓo muku da kaina.

Ƙaninka,
Ɗanasabe.

*

Funtuwa,
26 ga Mayu, 1989.

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, direba na jira. Ina fata kowa lafiya.

Don Allah ka duba katin da ke bakin buhun irin da dillalinmu ya kawo Dandume. In ka ga an rubuta kashi na bakwai, kada ka shuka, ka kuma hana duk wanda ka sa ya saya shukawa. Ita ce masarar Gidan Marka. An aike ni Bakori kwana huɗu, kafin in dawo an yi lodi bisa jerin da ke littafi, kuma yau da na duba na ga kashi na bakwai garinmu aka kai. Buhu ɗaya ya rage a sito. Na rufe ƙofa na farke gindinsa. Warin fumfuna ne ya fara tarbata. Zafin bazara ya dafa ta a cikin leda, ƙwayar ta yi fari, in ka murza sai ta rugurguje.

Kada ka gaya wa Inna tukuna.

Ɗanasabe.

*

Funtuwa,
6 ga Yuni, 1989.

Zuwa ga Yaya Aƙilu,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin lafiya da sanyin zuciya, ko da ba ni da bakin roƙon na biyun. Na karanta amsarka. Layi huɗu ce, ba ka zage ni ba, da ma ka zaga. Na fahimci ruwa ya sauka kwana biyar kafin wasiƙata ta iso, kun shuka gandu duka har da gayaunar Inna, 'yar gonar nan tata, kuma rami ɗaya cikin uku ne ya tsiro. Na fahimci gida talatin da ɗaya ne suka saya da bakinka, kuma tun ranar ba ka zauna a majalisar ƙofar masallaci ba.

Ran da amsarka ta zo na tafi ofishin Donatus na gaya masa komai, tun daga ɓeran ƙarya har zuwa hutun. Na shirya wa dariya ko faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce tun farko bai yarda da zancen ɓera ba, amma bai ga ya dace ya ƙaryata dattijo a gaban ma'aikata ba, shi ya sa ya bar layin nan fari yana jiran in cika shi ran da na ga dama. Ya ce nasa laifin shi ne da ya bar sufeto ta zo alhali akwai layin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Sannan ya jawo durowa ya nuna mini wasiƙun Ambrose. Mai sayar da na'urar gwada danshi ne, ciniki suke tun bara. A ƙarƙashinsu akwai kwafin takardar da ya rubuta wa Alhaji tun watan Oktoba, yana ba da shawarar a naɗa ni shugaban sashen inganci, a tura ni kwas Zariya, domin a cewarsa duk kamfanin a kan haƙorina yake tsaye. A watan da nake rubuta maka cewa ruwa ba ya tsami banza ke nan.

Alhaji ya so a rufe maganar, a ce tsutsa ce ko ƙarancin ruwa. Donatus ya ce tsarin da muka sa wa hannu ya wajabta a sanar da hukuma a kuma bi kowane manomi, in ba haka ba a sauke takardar daga bango. Suka yi ta ja har la'asar, Alhaji ya sakko. An dakatar da shaidarmu sai an sake dubawa. Ni kuma an sallame ni, kuma ban ga laifin kowa ba.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Littafin nan da na tsana shi ya nuna mana sunan kowane gida da adadin mudun da ya ɗauka, ba a ɓatar da ko ɗaya ba. Da a zamanin da komai ke cikin kaina ne, da sai dai a yi ta jajantawa. Ran Juma'a motar kamfani za ta kawo muku masara 'yar kwana tamanin, kyauta, a sake shuka. Na san an makara, na san ko ta yi ba za ta kai rabin ta bara ba, na kuma san takin da kuka zuba ya tafi. Ka gaya wa mutane ba laifin su Marka ba ne. Yadda suka saba cikawa suka cika, ni ne na san haka na kama bakina.

Kafin in miƙa makullin sito na roƙi a ba ni littafin. Na buɗe shafi na sha biyu na cika layin da hannuna: a kifa buhu, a ɗebi gwaji daga gindi. Iyakarta ke nan, Yaya. Ban kai ƙarshen layin ba ma maganar ta ƙare.

Zan biyo motar. Kada ka raka ni gidajen, kai ka riga ka yi naka zagayen ran da kake yabona. Ni zan shiga zaure talatin da ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya in faɗi da bakina. Inna ce kaɗai nake roƙon ka riga ni wurinta, don ban san ta inda zan fara ba. In da sauran fartanya a gandu, a ajiye mini ɗaya.

Ina gaishe da Asma'u da yara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya huci zuciyarka.

Ƙaninka mai neman gafara,
Ɗanasabe.